Ba kullum ne laifin rezo ba: wakilin da ke ɓoye cikin kwamfutocin ofis

Duk wanda ke hada-hada a kasuwannin bakin iyaka, daga Gaya da Kamba zuwa Birnin Ƙonni da Illela, har Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, ya san wata magana guda da ke kashe bakin kowa. A wannan ɓangare a ce maka "babu rezo", a wancan ɓangare a ce "babu sabis". Da zarar ma'aikacin banki ko mai cika takardun duwan ya furta ta, shi ke nan, sai ka nemi inuwa ka zauna, kamar wanda aka ce wa damina ta yi jinkiri. Ba mai ƙara tambaya, domin an ɗauka abu ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam. To, yau ina so mu ɗan tona wannan magana, saboda abin da na gani da idona ya nuna mini cewa wani lokacin rezon yana nan garau, abin da ya lalace wani ɗan saiti ne da mutum guda ya aiko daga nesa.

Cikin bazarar bara ne na raka wani aminina, Alhaji mai safarar albasa, zuwa ofishin wani kamfani da ke cika wa 'yan kasuwa takardun fitar da kaya. Reshe ne, hedikwatarsa tana babban birni. Motoci biyu na Alhaji suna tsaye a rana, kuma kowa ya san albasa ba ta san haƙuri ba. Kwamfutoci shida ne a ɗakin, dukkansu a kunne, amma babu wadda ke iya buɗe ko da shafi ɗaya. Yaron da ke kan tebur ya ce: "Baba Alhaji, a yi haƙuri, rezo ne." Alhaji ya dube shi, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya ce: "To ɗana, wannan ƙwallon da kake kallo a wayarka, da rezon wane gari kake kallonta?" Yaron ya yi dariya ya ce ai da na ofis ɗin ne. Ashe layin da ya ƙi yi wa kwamfutoci aiki, shi ne dai yake yi wa wayar aiki.

Sai yammacin washegari aka gano bakin zaren. Mai kula da na'urorin kamfanin a can hedikwata ya sauya adireshin wata na'ura da dukkan kwamfutocin rassa ke bi ta kanta kafin su fita duniyar gizo, ya yi kuskuren lamba ɗaya, ya tura, ya rufe ofis ya tafi bikin suna a ƙauye inda waya ba ta shiga. Shi kaɗai ke da kalmar sirri. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba da ya dawo. Amma albasar da ta ruɓe a ƙasan buhuna ba ta dawo ba.

Ita wannan na'ura da ake bi ta kanta, masana na kiranta furoksi, ma'anar kalmar kuwa wakili. Ba sai an yi wa ɗan kasuwa dogon bayani ba, domin tun zamanin fatauci zuwa Gwanja mun san fatoma. Baƙo ya sauka gidansa da kaya, shi zai nemo mai saye, shi zai karɓo kuɗi, shi zai tsaya idan an yi rikici. Baƙon ba ya shiga kasuwa da kansa. Haka kwamfutar ofis take idan an ɗora mata wakili. In ka nemi shafin banki, ba za ta je bankin da kanta ba. Za ta gaya wa wakili, wakili ya je ya karɓo, ya miƙo mata. Kuma kamar yadda fatoma ya san abin da ka kawo, da wanda ka sayar wa, da ranar da ka tashi, haka wannan wakili ya san kowace ƙofa da ka ƙwanƙwasa.

Ba don mugunta aka ƙirƙiro shi ba. Waɗanda suka zauna a shagunan intanet na Maraɗi ko Katsina a farkon shekarun 2000, lokacin da ake janyo layi da faranti daga tauraron ɗan Adam da tsada kamar zinariya, sun ci moriyarsa ko da ba su sani ba. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Squid, wadda ta fito a 1996, da masu shaguna da jami'o'i da yawa a duniya suka dogara da ita. Idan mutum na farko ya buɗe shafi, sai ta ajiye kwafinsa, mutum goma da za su zo bayansa a ba su daga ajiya ba tare da an sake sayo shi daga ƙetaren teku ba. Ko a aljihunmu ma mun yi zama da wakili. Opera Mini, wadda ta karaɗe ƙananan wayoyi tun daga 2006, haka take aiki: na'urorin kamfanin su ɗauko shafin, su matse shi ya zama ƙarami, sannan su aiko maka, shi ya sa ba ta cin kati. Kamfanin asalinsa na ƙasar Norwe ne, a 2016 wasu attajiran Sin suka saye sashen da ke yin manhajar a kan dala miliyan 600. Wato an sauya mana fatoma muna barci, kuma a cikinmu kaɗan ne suka ji labari. Matasan da suka yi yayin cusa wasu lambobi cikin saitin waya don su yi lilo kyauta, su ma adireshin wakili suke cusawa, ba tare da sun san na wane ne ba.

A yau dalilin da ya fi ƙarfi a manyan ofisoshi shi ne tsaro da sa ido. Banki ba ya son ma'aikaci ya buɗe shafin da zai shigo masa da ƙwayar cuta. Kamfani ba ya son a wuni ana kallon fim da layin da ya biya. Hukuma tana son rajistar wanda ya buɗe me, da ƙarfe nawa. Sai a toshe duk wata hanyar fita, a bar ƙofa ɗaya tak, a tsayar da wakili a bakinta. Kwamfutar da ba ta san adireshin wakilin ba, ko ta riƙe adireshin da ba daidai ba, ta zama kurma kuma bebiya, ko da layin yana gudu kamar ruwan kogi. Abin da ya sami kwamfutocin nan shida ke nan. Wayar yaron kuwa ba a ɗora mata wannan doka ba.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya ake sanar da kwamfuta ɗari ko dubu wannan adireshi? Idan shago ne mai kwamfuta biyar, mai shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta adireshi da lambar ƙofa, sau da yawa 8080 ko 3128. Amma kamfanin da ke da rassa daga Yamai har Difa, ko daga Legas har Maigatari, ba zai sa mutum a mota duk lokacin da aka sauya lamba ba. Tun fitowar Windows 2000, kamfanin Microsoft ya shigo da wani tsari da ya raɗa wa suna Group Policy, wato dokar rukuni. Ana yi wa kowace kwamfuta rajista a ƙarƙashin babbar na'ura guda, uwar garke. Idan an kunna ta sai ta je ta gaida uwar garke ta karɓo umarni, sannan ta riƙa komawa bayan kowane minti 90 ko sama da haka kaɗan. Mai kula ya rubuta doka sau ɗaya a kujerarsa, kafin a yi sallar la'asar ta isa ko'ina. Yana ma iya kulle wurin saitin, ta yadda ma'aikacin reshe zai ga kuskuren da idonsa amma hannunsa ba zai kai ba.

Akwai dabarar da ta girmi wannan. A 1996 kamfanin Netscape ya fito da wata 'yar takardar umarni da ake kira PAC. Maimakon a ce wa kwamfuta "ga wakilinki", sai a ce mata "ga inda za ki karanto takarda". Ita takardar ce ke rarrabewa: shafin cikin gida a tafi kai tsaye, shafin waje a bi ta wakili na ɗaya, in bai amsa ba a gwada na biyu, in shi ma ya yi shiru a fita kai tsaye idan mai gida ya yarda. Wannan layi na ƙarshe, da an rubuta shi ko an tanadi wakili na biyu, shi ne ke raba tsakanin tsaikon minti ɗaya da asarar kwana biyu. Daga baya, wajen 1999, aka ƙaro wata hanya mai suna WPAD, wadda a cikinta ko inda takardar take ba a gaya wa kwamfuta. Ita ce da kanta, da zarar ta shiga kowane layi, za ta ɗaga murya ta tambaya: akwai wakili a gidan nan? Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani ɗan hanzari: manhajojin buɗe shafuka ba halinsu ɗaya ba. Chrome da Edge suna bin abin da aka saita wa Windows. Firefox yana da nasa wurin saiti, ana iya sa shi ya bi na Windows ko ya bi nasa daban. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗaya ta ƙi buɗewa, ɗayar ta buɗe, a kan kwamfuta guda. Wanda ya ga haka ya san ba rezo ba ne.

To me ya sa wannan zance na injiniyoyi ya zama namu? Domin kasuwar ta bar takarda ta koma gilashi. Duwan ta Nijar tana aiki da SYDONIA, manhajar da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma ƙerawa a farkon shekarun 1980 bisa roƙon ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Kwastan ta Najeriya ta soma gwada sabon tsarinta mai suna B'Odogwu a Legas cikin 2024. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa dattawan da ba su taɓa yarda da taransifa ba suka buɗe asusu. Yanzu buhun wake ba ya motsi sai wani shafi ya buɗe a kan wata kwamfuta, kuma kwamfutar nan ba taka ba ce, ba kai ka saita ta ba, kuma wanda ke zaune gabanta ma sau da yawa ba shi ya saita ta ba.

Kada a ce wannan sakacin ƙananan kamfanoninmu ne kawai. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wani ɗan gyara zuwa na'urorin abokan cinikinsa a duniya baki ɗaya. Gyaran yana da aibi. Cikin minti 78 aka janye shi, amma aikin gama ya gama: Microsoft ta ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 suka faɗi. Filayen jirgi suka tsaya, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka rufe taga. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin 'yan kwanaki. Ba saitin wakili ba ne wannan, amma hanyar ɗaya ce: umarni guda daga wuri guda zuwa ga kowa a lokaci guda. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin da kamfanin ya yi alkawari daga baya, wato zai riƙa tura gyara ga 'yan kaɗan tukuna, in an ga lafiya a ƙara. Kowace mai tuwon sayarwa ta san a ɗanɗana miya kafin a zuba wa jama'a.

Kuskure dai ana ganinsa, domin aiki yana tsayawa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani, lokacin da komai ke tafiya daidai.

Yawancin shafuka a yau a rufe suke. In ka ga adireshi ya fara da https, to saƙonka cikin ambulan yake, an liƙe an buga hatimi. A da hoton ɗan kwaɗo ake nunawa a gefe, Chrome ya sauya shi da wata alama a 2023. Wakili na gari, idan ka ba shi irin wannan ambulan, abin da zai sani shi ne gidan da za a kai da nauyin saƙon da lokacin da aka aika. Kamar direban da ka ba wa wasiƙa zuwa Dawanau: ya san wa za a ba, bai san nawa ka taya ba. Ko wannan ma ba ƙaramin sani ba ne ga abokin hamayya a kasuwa, amma da sauƙi.

Sai dai ita kwamfuta, ta yaya take gane hatimin gaskiya? Tana da jerin masu hatimi da ta yarda da su, kamar yadda Alhaji ya san sa hannun mutanen da yake ba wa bashi. Wanda ke da ikon tura adireshin wakili zuwa kwamfutoci dubu, da wannan hannun dai yana iya ƙara hatiminsa cikin jerin. Daga ranar, wakili zai iya farke ambulan ɗinka, ya karanta, ya sa cikin sabuwa, ya buga nasa hatimin, kwamfutar kuma ta karɓa ba tare da ta yi ko tari ba. Manyan kamfanoni da yawa suna yin haka a kan na'urorinsu, da hujjar binciken ƙwayoyin cuta da hana fitar da sirrin aiki, kuma a gidansu suna da ta cewa. Matsalar ita ce kai baƙo, da ka ce wa yaron ofis ko na shagon intanet "ɗan matsa in duba asusuna", ka buga sunanka da kalmar sirrinka a kan na'urar da ba ka san jerin hatimanta ba.

Wata gwamnati ta taɓa gwada yin wannan ga ƙasa sukutum. Cikin Yulin 2019, kamfanonin sadarwa a Kazakistan suka aika wa jama'a saƙo cewa kowa ya sa hatimin gwamnati a wayarsa da kwamfutarsa, wai don kare su daga 'yan damfara. Masu bincike na Jami'ar Michigan da ke Amurka suka bi diddigi, suka gano ana farke saƙonnin da ke zuwa adireshi 37, cikinsu har da na Facebook da Google da Twitter da Instagram. Babu shafin 'yan damfara a wannan jeri, da yawansu wuraren da talakawa ke hira ne. Da surutu ya yi yawa, hukumomi suka ce gwaji ne kuma an kammala. Ranar 21 ga Agusta, Mozilla da Google da Apple suka sa manhajojinsu su ƙi karɓar hatimin ko da mutum ya sa shi da hannunsa. A Disambar 2020 aka sake gwadawa a babban birnin ƙasar, aka sake toshewa. Ni abin da na tsinta a labarin nan biyu ne. Na farko, gwamnati ba ta iya yi ba sai da ta roƙi kowa ya sa da kansa, alhali mai kula da kwamfutocin ofis ba ya buƙatar roƙon kowa. Na biyu, waɗanda suka taka mata birki kamfanoni uku ne na Amurka, ba kotu ba, ba majalisa ba. Wannan ma abin dubawa ne, don wanda ya iya hanawa yau yana iya ƙyalewa gobe.

Ba gwamnati kaɗai ba. A farkon 2015 aka bankaɗo cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin cinya ɗauke da wata manhaja mai suna Superfish, wadda ke farke saƙon mai kwamfuta don ta cusa masa talla. An yi aikin da ganganci har ya zama duk ɓarawon da ya san kan abin zai iya kwaikwayon hatimin. A 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga wasu jihohin Amurka. Sabuwar kwamfuta ce fil daga kwali.

Mu koma ga kwamfutar nan mai ɗaga murya tana tambayar ko akwai wakili a gida. A Windows wannan saiti a kunne yake zuwa. Ka ɗauki kwamfutar cinya ka shiga layin kyauta na otal ko na tasha, ta yi tambayarta, to duk wanda ya riga amsawa shi ne wakilinka. Ƙwayar leƙen asirin nan mai suna Flame, wadda aka gano a Mayun 2012 a Iran da Sudan da wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya, da wannan dabara take yaɗuwa cikin ofis: kwamfutar da ta kamu ta amsa wa 'yan'uwanta cewa ita ce wakili, sannan ta miƙa masu guba da sunan gyara daga Microsoft. A Barazil kuwa ɓarayin banki sun daɗe suna wasa da takardar PAC, kamar yadda masu bincike na Kaspersky suka bayyana a 2013. Sukan sauya layi ɗaya kawai. Duk shafin da ka nema ya buɗe lafiya lau, sai ranar da ka nemi na bankinka, a kai ka wani gida da aka yi wa fenti iri ɗaya. A 2016 hukumar tsaron kwamfuta ta gwamnatin Amurka ta fitar da gargaɗi cewa kwamfutocin kamfanoni, idan an fita da su waje, suna ci gaba da kiran wakilin gidansu a bainar jama'a, kuma wani yana iya yin rajistar sunan ya amsa.

Wannan gargaɗi ya shafe mu fiye da yadda muke zato, saboda kwamfutocin da ke shagunanmu akasarinsu na gwanjo ne, waɗanda suka sauka a Kwatano ko Lome ko Legas bayan sun gama aiki a wani ofis na Turai. Wadda aka wanke ta tas aka sake zuba mata Windows, babu laifi. Wadda aka goge hotuna kawai aka miƙo, tana iya zuwa da dokokin tsohon gidanta da hatimansa. Ga kuma wani ƙarin nauyi: Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

Haka zancen VPN yake, don shi ma wakili ne da ya sa babbar riga. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, samari suka yi rububin sauko da na kyauta. Ya yi masu amfani, domin shafi ɗaya aka toshe. Amma da aka yanke intanet na wayar salula a Nijar kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, ko da aka kashe layukan Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina har da Jibiya a Satumbar shekarar, babu wakilin da ya yi rana, don ba a aiken ɗan aike inda babu hanya. Wasu cikin waɗanda suka sauko da su a wancan lokaci ba su cire ba. Har yau akwai wayoyin da ake tura miliyoyi da su alhali komai nasu yana bi ta hannun wani kamfani da mai wayar bai san ko a wace ƙasa yake ba. Fatoman da ya ce ba ya karɓar la'ada, a tambaye shi da me yake ciyar da gidansa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina cewa a bar kowane ma'aikaci ya saita kwamfutarsa yadda ya ga dama ba. Na ga irin wannan a gidan rediyonmu shekarun baya, kowa da nasa, ƙwayoyin cuta kamar kasuwar ƙuda. Saiti daga wuri guda ya fi tsafta, ya fi arha, kuma idan an sami ɓaraka an san ƙofar da za a duba. Abin da nake ƙi shi ne a tara iko irin wannan a hannu ɗaya babu mataimaki, babu gwaji, babu sanarwa. Kamfanin da ke karɓar kuɗin 'yan kasuwa don ya fitar masu da kaya, wajibinsa ne ya gwada sabon saiti a kwamfuta biyu kafin ya tura wa hamsin, kada ya yi hakan daren jajibirin kasuwa, ya tanadi wakili na biyu, kuma a sami mutum na biyu da ke riƙe da mabuɗi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sayen sabuwar na'ura. Idan kuma ana farke saƙonni a kan kwamfutocinsa, ya rubuta ya manna a bango da Hausa da Faransanci ko Ingilishi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, Najeriya ta sa hannu a kan tata a 2023. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda suka iya tsayawa kai da fata a kan kuɗin dako da na sito, suna da ƙafar da za su tsaya su yi waɗannan tambayoyi.

Kai kuma ɗan'uwa, abin da ke hannunka ba shi da wuya. Harkar banki ka yi ta a wayarka, da layinka, ba a kwamfutar wani ba, ko da na ɗan ƙanwarka ne. In dole ta sa ka buga kalmar sirri a na'urar ofis ko shago, ka sauya ta da ka koma gida. In kana da kwamfuta a shagonka, sa yaronka ya buɗe saitin Windows, ya shiga sashen layi da intanet, ya nemi inda aka rubuta Proxy, kalmar ɗaya ce a Faransanci da Ingilishi. In ya ga wani adireshi da ba ku kuka sa ba, a nemi mai gyara. Maɓallin da ke sama, na neman wakili da kanta, a kashe shi idan kwamfutar ba ta wani kamfani ba ce. A Chrome kuma, in aka danna ɗigo ukun da ke kusurwa aka ga rubutu a ƙasa cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa manhajar, alhali kai ka saye ta da kuɗinka a kasuwa, to akwai mai gida a gidanka da ba ka sani ba. Sannan idan shafin banki ya fito da jan gargaɗi cewa hatimin ba daidai ba ne, kada ka bari yaro ya ce "danna ci gaba kawai, haka yake yi". Ka tashi.

Ranar da aka ce maka babu rezo kuwa, ba rashin kunya ba ne ka yi irin tambayar Alhaji. Waya tana buɗewa a kan layin? Kwamfuta ɗaya ce ta ƙi ko duka? An kira hedikwata, kuma wa ya ɗauka? Amsar waɗannan za ta gaya maka ko ka jira awa guda, ko ka nemi wani ofishi tun rana ba ta yi wa kayanka illa ba.

Watan jiya na sake bi ta ofishin nan. An yi sabon fenti, an ƙaro kwamfutoci biyu, an sa fanka. Na tambayi yaron ko yanzu akwai wani a reshen da zai iya taɓa saitin idan irin wancan ya sake faruwa. Ya ce a'a Malam, har yanzu mutumin nan ne shi kaɗai, sai dai ya sayi layi na biyu wanda ke shiga a ƙauyensu.